MAKARANTAR DA TA YAYE KA TANA BIN KA BASHI

 



Yau maganata da ku ce, ku da kuka bi ta wata kwaleji kuka fito da takarda a hannu: kwalejin ilimi ce, ta shari'a da nazarin addinin Musulunci ce, ta aikin jinya ce ko ta fasaha. Tambayata ɗaya: tun ranar da ka karɓi shaidar kammala karatunka, me ya taɓa fita daga aljihunka ya koma wannan makaranta?

Mutanenmu ba marowata ba ne, wannan ni shaida ne. Liman ne ni, ina ganin abin da ake zubawa ranar Juma'a idan aka ce rufin masallaci yana yoyo. Ku ma kun san guruf ɗin 'yan ajinku na WhatsApp: a ce wane zai aurar da 'ya, kafin la'asar alat ya fara shigowa. Madalla da wannan. Amma a ce ɗakin karatun kwalejin da ta haɗa ku babu littafin da ya ƙasa shekara ashirin, ko a ce ɗakin kwanan 'yan mata babu ruwa, sai ka ji shiru, wai malam ya ci shirwa. Wani ma sai ya turo hoton dariya ya ce, "Har yanzu dai ba su canza ba!" Ya wuce abinsa.

MATSAYIN ABIN A SHARI'A

Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ambaci abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutum ya mutu: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. To ɗan uwa, ka tsaya ka duba. Wanda ya gina aji ya samu ta farko. Duk abin da aka koyar a cikin ajin nan yana da rabo a ta biyu. Idan kuma Allah Ya sa cikin yaran da suka zauna a ajin akwai ɗansa ko jikansa, ga ta uku. Ƙofofin alheri da ke haɗa waɗannan uku a wuri ɗaya ba su da yawa.

Kada wani ya ce, "Ai tawa ba ta addini ba ce." Malamai irin su Imam Al-Gazali sun bayyana cewa ilimin likitanci da lissafi farilla ne na kifaya: idan al'umma ta rasa masu su, kowa ya yi laifi. Ungozomar da za ta karɓi haihuwar matarka da daddare, a kwaleji aka horar da ita. Malamin firamaren da zai koya wa ɗanka baƙi, daga kwalejin ilimi ya fito. Idan wurin horar da su ya lalace, a gidanka abin zai ƙare.

Sannan akwai maganar godiya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane. Albashin da kake ɗauka a yau, da wace takarda aka ɗauke ka aiki? Kuɗin rajistar da mahaifinka ya biya a wancan lokaci bai kai kuɗin allin da aka ƙarar a kanka ba, balle albashin malamai. Ragowar dukiyar jama'a ce: harajin ɗan kasuwa, da arzikin ƙasar da manomin da bai taɓa shiga aji ba yake da haƙƙi a ciki. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

ABIN NAMU NE TUN ASALI

Asalin waƙafi yana cikin Bukhari da Muslim. Sayyidina Umar (RA) ya samu fili a Khaibara, dukiyar da ya ce bai taɓa samun wadda ta fi ta daraja ba, ya nemi shawarar Annabi (SAW). Sai aka nuna masa ya tsare asalin, ya yi sadaka da amfanin. Ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. A kan wannan ƙa'ida makarantun Musulunci suka rayu ɗaruruwan shekaru.

Al-Ƙarawiyyin da ke birnin Fas a Maroko, masana tarihi sun ruwaito cewa mace ce ta gina masallacinta a shekarar 859, Fatima Al-Fihriyya, da dukiyar da ta gada. Nizamiyya ta Bagadaza, inda Al-Gazali ya karantar, an buɗe ta a 1067, waƙafi ne yake biyan malamanta yana ciyar da ɗalibanta. Azhar da aka aza harsashinta a 970, ƙarni bayan ƙarni ana raba wa ɗalibanta gurasa daga waƙafin mutanen da suka daɗe a kabari. Mu da Allah Ya kai ƙasar Larabawa karatu mun ɗanɗani irin wannan: ka kwana a ɗakin da ba ka biya ba, ka ci abincin da ba ka san wanda ya saya ba, ka buɗe littafi a laburare ka ga hatimin wani bawan Allah da ya bayar da shi yana neman addu'ar mai karantawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin maƙwabtanmu. Al-Maƙrizi, masanin tarihin Masar, ya kawo cewa a ƙarni na 13 mutanen Kanem sun bayar da kuɗi aka gina makarantar Malikiyya a Masar, wadda aka sani da makarantar Ibn Rashiƙ, kuma suna aiko mata da kuɗi a mafi yawan shekaru. A kan raƙumi fa, ta cikin Sahara, tafiyar watanni! Mu kuma da waya a hannu, tura kuɗi bai kai minti ɗaya ba, makarantar tana cikin garinmu.

Yau wasu ne suka riƙe wannan hanya da kyau. Jami'ar Harvard ta Amurka, sunan ma na wani mutum ne da ya bar mata littattafansa da rabin dukiyarsa a 1638. Asusun ajiyarta ya haura dala biliyan 50, kuma kyautar tsoffin ɗalibai da masu hali ce ginshiƙinsa. Ba sa cinye uwar kuɗin, juya ta suke yi, su kashe wajen kashi 5 cikin 100 a shekara. Wannan ba shi ne abin da aka nuna wa Sayyidina Umar ba?

"AI AIKIN GWAMNATI NE"

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasan wannan rubutu. Gaskiya ne, haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma Allah zai tambayi duk wanda aka ba amanar dukiyar jama'a. Ba na cire musu ko ƙwayar zarra. Akwai asusun harajin ilimi tun 1993, wanda ya koma TETFund a 2011, gine-ginensa kuma muna ganinsu a manyan makarantun gwamnati. Duk da haka a 2022 jami'o'in gwamnati sun shafe wata takwas a rufe saboda yajin aiki. Daga 2023, bayan cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci da na rajista a makarantu da dama duk sun tashi. Yaron da ya ajiye karatu a shekarar ƙarshe saboda kuɗin rajista ba zai iya jiran ranar da gwamnati za ta gyaru ba. Laifin shugaba ba ya ɗauke maka naka nauyin. Idan gobara ta kama gidan maƙwabci, ba ka naɗe hannu ka ce aikin 'yan kwana-kwana ne.

Kuma ku dubi abin da makaranta ɗaya take iya fitarwa. Kwalejin da aka buɗe a Katsina a 1921, wadda ta zama Barewa, ita ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ahmadu Bello, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Makarantar shari'a da aka kafa a Kano a 1934, wadda ta koma makarantar nazarin Larabci a 1947, ta fitar da alƙalai da malamai irin su Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Wa ya san wanda ke zaune a kan karyayyen bencin kwalejinku a yau?

ME YA SA HANNU YA ƘI MIƘUWA?

Yanzu bari in juyo kan shugabannin makarantu da na ƙungiyoyin tsoffin ɗalibai, don rabin matsalar a wurinku take, ku yi haƙuri da ni.

Mutum ya gama makaranta shekara goma sha biyar, ba a taɓa kiransa an ce yaya iyali ba. Mahaifinsa ya rasu, ba wanda ya zo gaisuwa. Ya dawo neman takardar sakamakonsa don ƙarin karatu, aka yi ta yi masa je-ka-ka-dawo wata uku, har sai da ya ba wani na goro. Ran nan kwatsam sai ga wasiƙa: ana gayyatarsa ƙaddamar da gidauniya. Da wace zuciya zai bayar?

Ga kuma salon ƙaddamarwar kanta. A kama babban ɗakin taro, a buga kati, a ɗinka anko, a kawo babban mai ƙaddamarwa ya ambaci miliyoyi a lasifika, a tafa. Mai dubu biyu ya ji kunya ya mayar da ita aljihu. Bayan wata shida rabin alƙawuran ba su shigo ba, abin da ya shigo kuma ba wanda ya san inda ya nufa. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya gudu yake yi. Mutane sun sha bayarwa ba su ga komai a ƙasa ba, shi ya sa suka koma bai wa masallacin unguwa, inda suke ganin bulo yana hawa kan bulo.

Don haka kafin a roƙi mutane, a fara gina amana da zumunci. Sunna ta nuna mana yadda ake yi.

YADDA ANNABI (SAW) YA TARA GUDUMMAWA

Imam Muslim ya ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi (RA) cewa wasu mutane daga ƙabilar Mudar sun iso Madina babu takalmi, babu suturar kirki. Fuskar Annabi (SAW) ta canza saboda halin da ya gan su. Ya sa Bilal ya kira salla, aka yi salla, ya yi huɗuba, ya kwaɗaitar da kowa ya kawo abin da yake da shi: kuɗi, tufafi, alkama, dabino, ko da tsagin dabino ne. Wani mutumin Madina ya fara kawo jakar da hannunsa ya kusa gaza ɗauka, mutane suka biyo baya, har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskar Annabi (SAW) ta haskaka don farin ciki. Daga wannan da wasu hadisai ga abin da nake ba ƙungiyoyinmu shawara:

1. Ku nemo mutanenku tukuna. A zauna da rajistar makaranta, a fitar da sunaye shekara-shekara. Kowane aji a naɗa wakili namiji da mace, su tattara lambobin waya da garin da kowa yake. Shekarar farko a yi ta a kan gaisuwa, ta'aziyya, duba mara lafiya, da sauƙaƙa wa tsohon ɗalibi karɓar takardunsa. Zumunta a ƙafa take.

2. Ku nuna buƙatar a gani da ido. Sahabbai sun ga mutanen Mudar a gabansu. "Ku taimaki makarantarku" magana ce mai faɗi, ba ta motsa kowa. Ku ce: ga rijiyar burtsatsen ɗakin kwanan mata, ta lalace tun watan kaza, ga hotonta, ga kuɗin gyara, ga ranar da muke so a gama. Ko ku gayyato 'yan aji ɗaya su zo su zaga ajin da suka zauna. Gani ya kori ji.

3. Ku buɗe ƙofa ga mai kaɗan. A Suratut Tauba Allah Ya zargi munafukai da suke yi wa masu ƙaramar sadaka izgili. A'isha (RA) kuma ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Mu yi lissafi a matsayin misali: tsoffin ɗalibai 2,000, kowa naira 1,000 a wata, kuɗin da bai kai na datar da muke ƙonawa a kallon bidiyo ba. A wata naira miliyan 2, a shekara miliyan 24. Da yayyafi kogi kan cika.

4. Shugabanni su fara. Wanda ya kawo jakar farko shi ya buɗe hanya, kuma a kansa aka yi bushara da ladan duk wanda ya yi koyi. Shugaban ƙungiyar da bai saka nasa ba, da wane baki zai roƙi wani?

5. Kada ku manta da mata. A ranar idi Annabi (SAW) ya taka har inda mata suke tare da Bilal, ya yi musu wa'azi na musamman, suka riƙa cire kayan adonsu suna bayarwa. Taron da aka sa ƙarfe tara na dare a otal, an riga an cire su.

6. Ku yi godiya da addu'a. Abdullahi ɗan Abu Aufa (RA) ya ce idan mutane suka kawo sadakarsu Annabi (SAW) yakan yi musu addu'a, kuma ya yi wa gidansu da mahaifinsa ya kawo tasa. Wanda ya turo dubu ɗaya ya samu saƙon godiya da sunansa a ranar, kamar yadda mai miliyan zai samu. Wanda ya ce a ɓoye sunansa a ɓoye.

7. Ku kawo lissafi kafin a tambaye ku. Annabi (SAW) ya tura Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya yi masa lissafi, kuma ya hau mimbari ya yi kakkausan gargaɗi a kan kyautar da ma'aikaci yake karɓa saboda aikinsa. Idan sahabi an yi masa lissafi, wane ne ma'ajin ƙungiyarmu da zai ce an raina shi? A yi wa ƙungiya rajista da hukumar CAC, a buɗe asusun banki da sunanta, mutum uku su riƙa sa hannu. Duk wata uku a fitar da abin da ya shigo da abin da ya fita, da rasit da hoto. Duk shekara a kawo mai binciken kuɗi daga waje. Kada a kuskura a tara kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. A wurin rabon gado na sha ganin yadda kuɗin jama'a ke cakuɗewa da na mamaci, magada su ce ba su san zancen ba, su ci haram ba da saninsu ba, shi kuma a bar shi da nauyi a kabari.

MAS'ALOLI UKU DA YA KAMATA A KIYAYE

Ta farko, zakka. Allah Ya ƙayyade masu cin ta gida takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Mazhabobin nan huɗu ba su halatta a gina aji ko masallaci da ita ba, duk da cewa wasu malamai na baya-bayan nan sun faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah. Abin da ya fi kuɓutarwa shi ne a raba asusu biyu. Zakka a miƙa ta ga ɗalibi matalauci ko wanda bashi ya danne, ya biya rajista ya ci abinci. Gini da littattafai da gyara kuma a yi su da sadaka da waƙafi.

Ta biyu, sharaɗin mai bayarwa abin kiyayewa ne. Kuɗin da aka karɓa da sunan laburare ba a sayen motar ofis da shi, ba a yin walimar taron shekara da shi. In buƙata ta canza, a koma ga masu kuɗin a nemi izininsu.

Ta uku, kada a cinye komai. A ware wani kaso ya zama waƙafi: a gina shaguna a jikin katangar makaranta, ko gidan haya na ɗalibai, kuɗin hayar ya riƙa biya wa marayu rajista duk shekara. Mazhabar Malikiyya da muke bi a nan ta sauƙaƙa ƙwarai: ta yarda da waƙafi na ƙayyadadden lokaci, ta kuma yarda da waƙafin tsabar kuɗi don a riƙa ba da rance babu ruwa. Ke nan mai shago zai iya cewa hayar shagona ta shekara biyar ta ɗalibai ce. A rubuta, a sa shaidu. A jihohi irin su Sakkwato da Zamfara akwai hukumomin zakka da waƙafi da za a iya neman shawararsu.

Ina ƙara jan kunne: kada a shigo da jam'iyya ko bambancin ƙungiyar addini cikin wannan aiki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A aji ɗaya kuka zauna, malami ɗaya ya koyar da ku. Abokan karatunku waɗanda ba Musulmi ba su ma makarantarsu ce, a tafi tare da su cikin mutunci da adalci.

KAI KUMA FA?

Wanda ba shi da kuɗi yana da wani abin. Injiniya ya duba aikin ginin kyauta, kada a cuci ƙungiya. Lauya ya rubuta takardar waƙafi. Akanta ya riƙe lissafi. Likita ya ba asibitin makaranta yini ɗaya a wata. Mai kamfani ya ɗauki yara biyu koyon aiki. Wanda ke ƙasar waje ya turo littattafai. Ka kuma tuna da malamanka da suka yi ritaya, wasunsu suna nan da rai, kuɗin magani yana gagararsu. Ziyara ɗaya da ɗan abin hannu za ta sa dattijo ya yi maka addu'ar da ba za ka iya saya ba.

Abin da nake roƙonka a wannan mako guda uku ne. Ka tura wannan rubutu guruf ɗin 'yan ajinku. Ku wakilta mutum biyu su je makarantar su dawo muku da buƙata ɗaya tak, da kuɗinta. Sannan ka yanke abin da za ka iya bayarwa duk wata ba tare da ka takura iyalinka ba, ka ƙulla niyya tsakaninka da Allah, ba don a kira sunanka a taro ba, kuma ban da gori, domin gori yana ɓata sadaka kamar yadda Suratul Baƙara ta yi gargaɗi.

Wata rana za a rufe asusunka na banki, magada su raba abin da ke ciki, wani ya zauna a kujerar ofishinka kafin a yi sadakar bakwai. Abin da ka tura gaba shi kaɗai ne naka.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda ke raye da alheri. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka sayar da abin hannunsu don mu yi karatu. Allah Ya tsare hannayenmu daga cin amana, Ya sa mu cikin masu sadakar da ba ta yankewa. Amin.